Tagwayen Ƙwaƙwalwa da Tawadar Allah

"Huɗu na rubuta maka, A-pa. Takardar tana aljihunka, ciro ka duba."

"Na gani tun jiya," in ji tsohon. "Ban makance ba tukuna."

"To wannan takwas ɗin daga ina ta fito?"

Tu Chin-shui ya juya ɗan kofin shayinsa a kan kantar shago, ya zuba wa titi ido, inda babura ke ta giftawa cikin zafin hantsi.

Ɗansa Wen-hsiung na durƙushe a tsakiyar shagon hoton, gaban akwatin kwamfuta da aka buɗe wa ciki, ƙusoshi jere a murfin gwangwanin shayi. A hannunsa akwai ƙwaƙwalwar injin, 'yar aba mai faɗin kwalin ashana. Ya goge farin man da ke bayanta da babban yatsa har lambar ta fito.

Injin da yake haɗawa mai ƙwaƙwalwa biyu ne, kuma irinsa ba ya ɗaukar bare. Dole biyun su zama tagwaye, gudu ɗaya, zubi ɗaya, lamba ɗaya. Ta farko tasa ce, daga kwamfutarsa ta Taipei ya ciro ta, ya naɗo ta cikin safa. Lambarta ta ƙare da huɗu. Jiya, da yake zaman jiran masu kawo sikana, na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta, ya rubuta lambar ya roƙi uban ya leƙa titin Beimen ya sayo 'yar'uwarta. Tsohon ya dawo da kwali, shi kuma bai duba ba. Yau tun safe injin kan tashi lafiya lau, da an buɗe hoton uwarsa sai ya sandare. Sau biyar ke nan.

"Gudunsu ɗaya," A-pa ya ce. "Na tambayi matar."

"Zubinsu ba ɗaya ba."

"Ni da uwarka ma ba zubi ɗaya ba ne. Shekara talatin da shida muka yi."

"Ku ai ba kwamfuta ba ne."

"Sa'armu ke nan."

"Yau Alhamis, A-pa."

"Kalanda ma ina gani."

Ranar Lahadi A-bu, uwar Wen-hsiung, za ta cika shekara da rasuwa. Dangi za su zo daga Chiayi da Pingtung, a kunna turare, a ɗora hotonta a teburin kakanni inda zai zauna har abada. Masu wanke manyan hotuna sun ce a kai musu aikin kafin tsakar ranar Juma'a, in ya wuce sai mako na sama. Hoton da aka yi jana'iza da shi na katin shaida ne aka ƙara wa girma cikin gaggawa, kuma tun ranar A-pa ba ya yarda ya haɗa ido da shi.

Na gaskiyar ɗaya ya rage. Ambaliyar da guguwar teku ta kawo bara waccan ta cinye akwatunan fim na shagon, sai ƙwaya ɗaya da ta tsira a aljihun tebur, A-bu tana da shekara hamsin, cikin riga mai furanni. Ruwa ya ɓata mata kafaɗa da gefen gashi. Wannan gyaran mai sauƙi ne. Abin da A-pa ke so daban ne.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran fuskokin mutanen Tainan a kan fim, da fensir da aka fere ya yi tsini kamar allura. Amare da sojoji da 'yan makaranta, kowa ya fita shagon nan da fata sumul. A-bu na da tawadar Allah a kumatu, 'yar baƙa kamar ƙwayar riɗi, kuma tun ranar da ta fara zama gaban kyamararsa tana budurwa ta ce ya cire mata. Ya cire. A kowane hoto ya cire, har na katin shaidar. Yanzu so yake a mayar. Fensir kuwa haskakawa kawai ya iya. In ana son ɗigon baƙi sai an kankare fim da reza, kuma abin da reza ta ɗauke ba ya dawowa. Hannun A-pa ya fara rawa tun kafin mutuwarta. Tsohuwar kwamfutar shagon, in aka ba ta hoto mai wannan girma, sai buta ta tafasa ba ta buɗe shi ba. Shi ya sa Wen-hsiung ya ɗauki hutu ya sauko kudu da kwalaye.

"Kai da bakinka ka ce camfi ne," Wen-hsiung ya ce. "Lokacin da A-bu ta sa aka canza lambar wayar shagon nan saboda huɗu biyun da ke ciki, wai kalmar huɗu ta yi kama da ta mutuwa, wata guda kana mata dariya."

"Har yanzu camfi ne."

"To?"

"To me? Shayinka ya huce."

Wen-hsiung ya miƙe. Ya mayar da mai takwas cikin kwalinta, ya tsaya jim, ya cire tasa ma don a gwada lamba da lamba. Ya ɗauki hular kwano.

"Ka biya ka ci abinci," tsohon ya ce a bayansa. "Mai jin yunwa ba ya ɗaure ƙusa daidai."

Bai juyo ba.

Shagon Yaya Pan mai sayar da kayan kwamfuta a titin Beimen faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, kwalaye har rufi. Ita tana zaune a tsakiya da kwanon taliya, fanka na kaɗa mata gashi. Tana ganin kwalin ta ajiye tsinkayen cin abinci.

"Ɗan mai hoto! Na san za ka zo. Fuskar nan taka iri ɗaya da ta tsohon, kamar an hana ku gado."

"Kin san ba za su zauna tare ba, Yaya. Me ya sa kika ba shi?"

"Na gaya masa sau uku! Na ce A-pe, kawu, ɗanka zai zo ya cinye ni ɗanye. Ga mai huɗun can, na ciro ta, ta fi awa a kan kantan nan." Ta nuna da haɓa. "Ya ɗauka, ya ajiye. Ya ɗauka, ya ajiye. Har ya kore min masu saye biyu."

"Ba ni ita."

Ta miƙo hannu sama ba tare da ta duba ba, ta sauko da kwali. Amma ba ta saki ba.

"Ka san me ya ce min?"

"Camfi."

"Cewa ya yi, matarsa ko bene na huɗu ba ta yarda ta kwana, ko kujera ta huɗu a jirgin ƙasa. Ya ce huɗu ɗaya ta riga ta shigo gidan, ba yadda zai yi. Amma ba zai sayo ta biyu da hannunsa a bi da fuskarta ta tsakaninsu ba." Ta saki kwalin. "Shi ke nan. Ni dai mai sayarwa ce."

Wen-hsiung ya tsaya da kwalin a hannu. Wani ɗalibi ya matso yana tambayar waya, Yaya Pan ta sallame shi. Ya tuna yadda tun da ya iso yake ganin A-pa na juya takalma su kalli waje kafin ya rufe shago, yana zuba shayi kofi uku gaban teburin kakanni, yana hana shi nuna wata da yatsa. Duk ayyukan A-bu ne. Shi ya ɗauka tsufa ne kawai.

Ya ciro safar daga aljihu, ya warware. Da wannan ƙwaƙwalwar ya koyi aiki, a ɗakin haya mai taga ɗaya, shekara biyu tana masa hidima ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Mai takwas ɗin, akwai 'yar'uwarta?"

"Tire guda suka zo."

"Karɓi wannan. Ba ni ita."

"Au, ni za ka bar wa huɗu biyu?" Ta yi dariya har ta dafe kanta. "Kawo. 'Yan jami'a ba ruwansu, ko lambar kabari ce in dai tana gudu."

Ya karanta lambobin biyu a ƙarƙashin fitilarta, harafi bayan harafi, sau biyu. A hanya ya tsaya ya sayi faten shinkafa da kifi, kwano biyu.

Ya tarar da A-pa ya share inda yake aiki, ya jera ƙusoshin bisa tsawonsu. Suka ci abinci a tsaye. Sannan Wen-hsiung ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke wutar jikinsa, ya ɗaga 'yan sandunan gurbin biyu, ya zaunar da tagwayen ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya sa tabarau, ya sunkuyo, ya daɗe yana karanta abin da ke bayansu.

"Ina taka?"

"Na bar ta can."

"Ai tana da kyau."

"Tana da."

A-pa ya cire tabarau ya goge da gefen singileti, ya mayar, ya dubi man da ɗan ya fara ɗiga wa tagwayen. "Man nan ya yi yawa," ya ce. "Haka kake shafa wa burodi?"

"Zo ka shafa to."

Ya zo. Da gefen tsohon katin shagon ya baje man, hannun na rawa, amma da ya ɗaga katin sai ga shi siriri, ko'ina daidai, kamar fatar albasa. Wen-hsiung ya ɗora ƙarafan sanyaya da fankokinsu, ya maƙale, ya jona wayoyi. Uban ya riƙe masa tocila yana haska inda ba a buƙata.

"Nan, A-pa. Nan."

"Yatsunka ne suka yi kauri. Na uwarka ne."

Ya danna. Fankoki biyu suka tashi tare, injin ya yi ƙara ɗaya gajeriya. Wen-hsiung ya buɗe wani ɗan akwati a fuskar kwamfutar, ya nuna wa uban layuka biyu kore suna hawa suna sauka.

"Wannan ɗaya, wannan ɗaya."

"Wacce ce ke aikin?"

"Duka. Raba shi suke."

"Hm," in ji tsohon. "Da sauƙi ke nan."

Ya buɗe hoton. Kafin A-pa ya kai kofi baki, A-bu ta cika gilashin kwamfutar, da rigarta mai furanni da wannan murmushin da take yi in tana jiran a gama a sake ta. Suka jira injin ya sandare. Bai sandare ba. Wen-hsiung ya matso da fuskar har ana ganin zaren gira, ya janye, ya juya, komai na bin hannunsa nan take.

Kafaɗa da gashi suka ci yammacin. Tsohon na zaune a gefe kan kujerar amare yana ba da umarni. Kada ka taɓa wuyan. Wannan layin na dariya ne, bar shi. Ka cika sauri. Da rana ta sauko ta shigo ta ƙofar gilashi, ya tashi da kansa ya ja labule don kada launi ya yaudare su.

Saura abu ɗaya. Wen-hsiung ya ɗauko alƙalamin kwamfutar da faifansa, ya ajiye gaban uban.

"Ni?"

"In ka kuskure, sai in danna nan ya koma yadda yake. Ko sau ɗari."

"Ba ya ciwo?"

"Ba ya ciwo."

A-pa ya riƙe alƙalamin yadda yake riƙe fensir, can kusa da tsini. Ya gwada a bangon hoton tukuna. Ɗigon farko ya fito kamar ƙuda, na biyu kamar wake. Wen-hsiung na gogewa, yana rage girman. Na bakwai ne ya fito daidai. Ƙwayar riɗi ce sak, gefenta ɗaya ya ɗan fi duhu.

"Ita ce," tsohon ya ce a hankali.

Ya kai alƙalamin kan fuskar, ƙasan ido, ta hannun hagun gilashin.

"A-pa. Ɗaya gefen ne."

"Kai, shekara nawa na yi ina cire ta? Nan take."

"A fim kake cire ta. Ta baya kake aiki, komai a juye yake."

Hannun ya tsaya a sama.

"A kyamara ma a juye kake ganinta," Wen-hsiung ya ce, muryarsa ta sauka. "Kanta a ƙasa."

"Na kuma gan ta a teburin abinci, yaro. Kullum."

"Ni ma."

Amma yana faɗa ya ji abin ya motsa a ransa. Abin da ya fi riƙewa shi ne A-bu tana taje gashi da safe, shi yana tsaye a bayanta da jakar makaranta, yana kallon fuskarta a madubi.

Suka matso da kumatun dama har ya cika gilashin, suna neman sawun fensir. Suka matso da na hagu. Babu komai. Fata ce sumul a duka biyun. Tu Chin-shui bai taɓa barin sawu a aikinsa ba, duk Tainan an san shi da wannan.

Tsohon ya yi 'yar dariya ta hanci, ya share ido da bayan hannu. Fankokin biyu na ta juyawa. Ya ɗaga kai ya dubi matarsa a gilashin.

"Giok-lan," ya ce, "wane gefen ne?"