Ranar da Aka Haƙa wa Kaka Eseza

"Baba, ka ce mata ta amsa mini. Tun ɗazu nake magana, ta yi banza da ni."

'Yata Perusi ce, tsaye da fartanya a gonar maƙwabciyarmu. Kaka Eseza na zaune, ta jingina da gindin ayaba, ƙafafu a miƙe, ido a buɗe. Na sunkuya na gaishe ta. Ƙuda ya sauka a leɓenta, ba ta kore shi ba.

Na taɓa hannunta. Ya yi sanyi.

"Ajiye fartanyar nan."

"Saura kaɗan in gama layin."

"Ajiye, na ce. An yi mutuwa."

Ko yaro ya san ba a saran ƙasa a ƙauyenmu matuƙar akwai gawar da ba a binne ba. Ta dubi tsohuwar, ta dubi sabuwar ƙasar da ta tara, ta saki fartanyar kamar ta ƙone ta.

Ni na tura ta can. Perusi ta gudo ne daga makarantar kwana ta 'yan mata da ke gaba da garin Masaka, wai ita karatu ta je yi, ba noman dankali da asuba ba. Shugabar makarantar ta aiko cewa in ba ta koma ranar Litinin ba, wata za a ba gadonta. Ni a aji huɗu na tsaya, gyaran keke nake yi. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Sai na tuna Kaka Eseza na cikin 'yan matan da aka buɗe makarantar da su.

Da mata suka cika gidan da kuka, na ja yarinyar bayan kicin.

"Me ta ce miki?"

"Zagina ta yi ta yi. Wai hannuna kamar dafaffiyar ayaba. Wai su da zanen ɓawon itace suka je, a kan ciyawa suke kwana, kuma sai an yi noma ake raba allo. Maza na tsayawa a bakin shinge suna dariya, suna tambaya ko harafi ake dafa wa miji." Ta share hanci. "Ta ce ita ma ta taɓa gudowa. A ƙasa ta tako har gida. Uwarta ta ba ta ruwa a bakin ƙofa, ta karɓi ƙoƙon, ta juya ta."

"Sai me?"

"Haka na tambaye ta. Ta ce in gama layin tukuna. Ina ta sara, Baba. Ina ta yi mata surutu."

'Ya'yan Kaka Eseza suka aiko daga Kampala cewa Litinin za a binne ta. Ranar wa'adin makaranta ke nan. Maƙwabci shi ke fara haƙa kabari, kuma wanda ya ƙi haƙa wa mutane, ranar tasa danginsa kaɗai za su yi gumi. Na yi shiru da maganar makaranta. Yarinyar kuwa ko abinci ba ta ci.

Ranar Litinin da safe na fito da shebur a kafaɗa, sai na tarar da ita a gindin kekena, ta ɗaure akwatinta da igiyar ayaba.

"Ka kai ni."

"Yau? Ba a ma sa ta a ƙasa ba."

"Da tana nan, ruwa kawai za ta ba ni, ta juya ni."

Hanya ɗaya ce, kuma ta gaban ramin take bi. Maza suka daina haƙa. Dattijo Kasozi, shugaban ƙauyenmu, ya ɗago daga cikin ramin, jar ƙasa har gemu.

"Yokana, wannan kuma sabon shebur ne mai ƙafa biyu? Ina za ka?"

"Makaranta, Baba."

Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Kai dama haƙarka ba ta da kyau," in ji shi. "Wuce. Ka dawo kafin a rufe."

Na hau, ta hau kan akwatin. Har muka fita daga cikin ayaba ba ta waiwaya ba. Goshinta kawai nake ji a tsakiyar bayana, rigata na jiƙewa a wurin.