Allurar Shanu a Cinyar Eloy

"Ka kwanta ta gefen hagu, Baba, ka sa hannu ƙarƙashin kai."

Eloy Trujillo ya juya a hankali. Juyawar nan kaɗai ta sa shi haki. Matarsa Orlinda tana zaune a kusurwa, jakarta a cinya, tana kallon leɓensa. Tun a mota ya yi shuɗi-shuɗi, har yanzu bai koma daidai ba.

Shawna, ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton zuciya, ta rage hasken ɗakin, ta shafa masa wani mai a ƙirji, ta danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarinsa.

"Kai! 'Yata, cikin ƙanƙara kuke ajiye man nan?"

"Mai kwana a kan tsauni ne ke kukan sanyi?"

"Wancan sanyin namu ne. Wannan na asibiti ne."

Zuciyarsa ta bayyana a allon na'urar, baƙi da fari, tana buɗewa tana rufewa. Shawna ta taɓa wani maɓalli, sauti ya cika ɗakin kamar ana shara da tsintsiya mai jiƙa.

Gidan kiwonsu yana can sama da kwarin San Luis, inda iska ba ta ƙosar da huhu. Kakan Eloy ne ya kafa shi. A can kowa ya san ciwon tsauni a jikin shanu: jini ya hau a huhu, zuciya ta gaji da turawa, ƙirji ya cika da ruwa. Kowace shekara likitan dabbobi yakan zura siririn bututu ta jijiyar wuya ya auna hawan jinin huhun bijimai. Wanda awonsa ya haura hamsin, a loda shi a mota a sauke shi ƙasa.

Don haka da ƙafafun Eloy suka kumbura, ya gane ciwon, bai tambayi kowa ba. Da asibiti suka sa masa ranar hoto, ya shiga rumfar dabbobi ya ɗauko maganin fitar da ruwa da suke yi wa shanu allura, ya rage awon daidai nauyinsa, ya riƙa yi wa kansa a cinya kowace safiya. Kumburin ya sace. Takalmi ya shiga.

"Su ga ƙafa lafiya su sallame ni," haka ya gaya wa Orlinda. "In kika buɗe baki, ke kika sauke ni daga tsaunin nan."

Shawna ta mayar da na'urar ƙasan ƙirjinsa. "Ja iska da hanci da sauri, kamar mai shinshina abu."

Ya ja. Ta sake auna wuri ɗaya, ta kuma sakewa. Ta daina raha.

"Nawa?" in ji Eloy.

"Likita ce ke faɗa, Baba."

"Ni da zuciyata?"

"Yanzu za ta shigo."

Ya yunƙura zai zauna. Idonsa ya juye, ya tafi gefe, Shawna ta tare shi da kafaɗa ta ƙwala kira. Kafin Orlinda ta miƙe, an ɗaura masa awon jini a hannu, an sa masa bututun iska a hanci.

Likita Hensley ta shigo, doguwar mace mai furfura. Ta dubi awon, ta matsa ƙaurinsa da yatsa, ta ja fatar bayan hannunsa ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye.

"Jikinka ya bushe ƙayau. Wane magani kake sha?"

"Kofi da koren barkono."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Tambayi tsohuwar nan."

Likitar ta juyo wajen Orlinda. Eloy yana kallonta ta saman bututun, bai ƙifta ba. Orlinda ta dubi leɓensa. Ta zuge jakarta, ta fito da kwalbar da ta ɗauko daga rumfa da safe, ta miƙa.

"Tsohuwa," in ji shi.

Likitar ta karanta jikin kwalbar, mai hoton saniya. Ba ta yi dariya ba. Ta sa a ɗebi jininsa nan take a duba ƙoda, sannan ta juyo masa da allon.

"Ruwan ƙafa ka cire. Wannan ba ya ɓoyuwa. Ka ga nan? Ɓangaren dama ne, mai tura jini zuwa huhu. Ya kamata ya fi na hagu ƙanƙanta. Naka ya fi shi girma. Ga kuma jinin da ke tsiyaya baya ta wannan ƙofar zuciyar. Da saurinsa muke ƙiyasta hawan jinin huhu."

"Nawa?"

"Wajen saba'in."

Eloy ya rufe ido.

"Ƙiyasi ne," in ji likitar. "Gobe za a kai ka birni a tabbatar. Za a zura siririn bututu ta jijiyar wuyanka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin ji, tsohuwa? Saura su maƙala mini lamba a kunne kamar bijimi." Da tarin ya lafa ya ce, "To, yaushe zan koma gida?"

"Ziyara, wataƙila, da tulun iskar numfashi. Zama kam, a'a."

"Likita, shanuna sun fara haihuwa."

"Na ji."

"Zan kwana da iskar nan a hanci. Ba zan ɗaga ko bokiti ba. Daga mota zan riƙa duba su."

"Ba aikin ba ne, tsayin wurin ne. Kowane dare da ka yi a can, zuciyar na ƙara buɗewa."

"Zuwa kaka kawai. Ki ba ni zuwa kaka."

"Ba ni da ita da zan ba ka."

Ya kama hannun rigarta, abin da Orlinda ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba. "A ɗakin da nake kwana aka haife ni. Uwata da ubana suna kwance a kabari bayan gidan. Ina kike so in je?"

Likitar ta bar hannunsa a wurin har ya saki da kansa. Ta ce za ta dawo da sakamakon jinin.

Aka kai shi ɗakin kwanciya, aka sa masa ƙarin ruwa. Ya juya fuska bango. Orlinda ta gyara masa bargo, ya ture. Ta ba shi ruwa, ya ƙi. Ta zauna tana sauraron numfashinsa har rana ta karkata.

Sannan ta tsaya bakin ƙofa ta kira 'yarsu Marisela, wadda ke aure a Phoenix, cikin zafi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ta rage murya ta gaya mata komai. Marisela ta yi kuka, ta share, ta ce ɗakin baƙi na sama babu kowa, yau za ta gyara shi.

"To, na sama," in ji Orlinda.

Daga gado, bai juyo ba, Eloy ya yi magana.

"Ki ce mata na ƙasa. Ba zan iya hawa bene ba."