Lita Biyu Kowace Safiya

Ni na haɗa na'urar, kuma ni na ƙi yanke gindin bishiyar. Gara in faɗi wannan tun farko, don duk wanda ya ji labarin a wurin masu shayin unguwar Madain Fahd a Jidda cewa yake tsoho ne ya saci ruwa. Ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito.

Sunana Saifuddeen, mutumin Zariya. Wani kamfanin kula da gidaje ya kawo ni Jidda, aka ce watanni ukun farko na gwaji ne, ƙorafi ɗaya ya isa a mayar da mutum gida. Aka tura ni gidan wani attajiri mai suna Abdulelah, can arewacin gari kusa da teku. Shi maigidan kullum yana kan tafiya. Matarsa Baturiya ce, Madam kawai muke ce mata, Larabcinta bai wuce yalla da halas ba.

A gidan na tarar da wani dattijo, Maman Lawali, muna ce masa Baba, mai kula da lambu, mutumin Maraɗi. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Matarsa Haoua a Jidda ta rasu, a nan aka binne ta, shi ma ba ya ɓoye cewa nan yake so ya kwanta. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, za ta ƙare a watan Janairu, kafilinsa mai ikon sabunta ta kuma Abdulelah ne, wanda tun da aka sa famfunan da ke shayar da ciyawa da kansu yake ƙunƙunin ina amfanin tsoho. Madam ce ke tare masa kowace shekara. Duk gidan an san haka, shi ma ya sani.

Farkon Disamba aka kawo bishiyar Kirsimeti daga tashar jiragen ruwa, ta gaske, sararriya, ta kusa taɓa silin. A kwantenar sanyi ta keto teku. Ƙamshinta ya cika falo, Madam ta tsaya tana shaƙa kamar za ta yi kuka. Ta miƙo mini kwali ta ce na'urar ban ruwa ce, in haɗa. Tanki ne mai cin lita goma, an yi masa siffar akwatin kyauta da jan ƙyalle. Siririn tiyo ya fito daga cikinsa zuwa kwanon da gindin bishiyar zai zauna. In ruwan kwano ya ragu, ɗan famfo ya cika shi, wayar Madam ta nuna mata nawa aka sha.

Muna cicciɓar bishiyar, Baba Lawali ya shafa gindin da babban yatsansa.

"Injiniya," ya ce, haka yake kirana, "iccen nan ƙaro ya toshe bakinsa. A rage yatsa biyu da zarto kafin a sa shi a ruwa, in ba haka ba ba zai sha ba."

Madam ta tambaye ni da Turanci me yake cewa. Wallahi abin da ya hana ni ba komai ba ne sai girman kai. Ni da difloma, mai shara ya koya mini aiki a gaban Baturiya? Na ce mata yana yaba kyan bishiyar ne. Shi kuma na ce masa, "Baba, wannan ba darbejiyar Maraɗi ba ce. Bar wa na'ura aikinta."

Bai yi musu ba. Ya ce to, ya kama nasa ɓangaren muka tsayar da ita.

Kwana biyu Madam tana rataye mata kwalaben ƙyalƙyali sirara, waɗanda ta ce na marigayiya uwarta ne, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. A rana ta huɗu ta nuna mini wayarta. Sifili. Bishiyar ba ta sha ko cokali ba. Na ce mata ai tana sabawa da wuri ne. Na koma ɗakin kayan aiki na zaro takardar na'urar daga kwandon shara, takardar da ban ga damar karantawa ba. Layin farko ma cewa ya yi a yi wa gindin sabon yanka. 

Yanzu kuma yankan ba zai yiwu ba sai an kwantar da bishiyar, an sauke kwalaben uwar Madam ɗaya bayan ɗaya, an gaya mata dalili. Dalilin kuma ni ne.

Na sami Baba a bayan gida. Yana da zogale guda uku a jikin katanga, ya shuka su da irin da wani alhaji ya kawo masa, da ruwan alwalarsa yake raya su. Na durƙusa har ƙasa, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, ka rufa mini asiri. Kai ne ke shiga falo da safe kana ba furanni ruwa. Ka riƙa kwasar lita biyu daga kwanon, na'ura ta cika, waya ta nuna an sha. Zuwa ranar walimar Kirsimetin Madam kawai. Daga nan ai jefar da ita za a yi."

Ya dube ni. "Wannan ai yaudara ce, ɗana."

"Ina da mata da 'ya'ya biyu a Zariya. Wata ɗaya ya rage mini."

"Icce ba zai kai ba. Sanyin iyakwandishan ɗin nan busar da shi yake."

"Zai kai, Baba."

Ya yi tsaki, amma ba da ni yake ba, da kansa yake. "Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar. "Ruwan dai ba zan zubar ba. Haramun ne."

Haka aka yi kwana goma sha tara. Kowace safiya ya shiga da bokitinsa da ɗan kofin roba, ya durƙusa da ƙyar a ƙarƙashin rassan, ya kwashi ruwa, ya kai wa zogalensa. Famfo ya yi ɗan gurnaninsa ya cika kwano, ni kuma in ƙara wa tankin ruwa. Madam ta riƙa nuna mini waya tana murna, lita biyu, lita biyu, har ta rubuta wa kamfaninmu yabo a kaina. Na karɓi yabon ban ji kunya ba. Zogalen kuwa ya yi shar, abin haushi, bai taɓa kyau irin na lokacin ba.

Ni ina ganin abin da ke faruwa. Koren bishiyar ya fara komawa toka-toka, ƙamshin ya tafi. Kullum kafin Madam ta sauko sai in share siraran ganyen da suka zuba, in cusa a aljihu. Baba ya ce mini sau biyu mu je mu faɗa mata gaskiya. Sau biyun na ce gobe.

Ranar walimar, da hantsi, masu abinci suna shigo da kaya, Madam ta hau ɗan tsani za ta gyara tauraron da ke can sama. Ta riƙe reshe ɗaya. Reshen ya karye ƙas, bishiyar ta girgiza, ganye ya zubo kamar ana zazzage buhun shinkafa. Kwalabe uku suka faɗo kan tayil suka tarwatse. Ta sauko ta tsuguna tana tsince gilasan da hannu. Sai ta tashi ta shiga ɗakin da ake duba kyamarorin gida.

Bayan azahar aka kira mu falo, ni da Baba. Ta juyo mana da allon kwamfuta. Ga Baba nan a durƙushe, kofi a hannu. Ta tura gaba, ga shi kuma washegari. Ta tura, ga shi yana tuttula ruwan a gindin zogale. Laifina ba ya ciki ko sau ɗaya, don ni da baki na yi nawa, kyamara kuma ba ta ɗaukar magana.

"Tambaye shi," ta ce mini. "Shekara nawa ina faɗa da mijina a kansa. Tambaye shi me ya sa ya kashe mini ita saboda ciyawarsa."

Na juya na ce, "Baba, tana tambaya me ya sa."

Ya cire hularsa ya riƙe. Bai kalle ni ba, ita ya kalla, ya yi magana a hankali yadda zan samu in fassara.

"Gaya mata iccen bai taɓa shan ruwa ba tun ranar da ya shigo. Bakinsa a toshe yake. Ruwan da na ɗiba, ba shi na hana wa ba. Na yi kuskure da na yarda, amma ba ni na kashe shi ba. Sauran kai ka san shi, Injiniya, in ka ga dama ka ƙara."

Ko sunana bai kama a laifin ba. Ƙofa ya buɗe mini ya ce in shiga da ƙafata. Madam tana jira. Ina jin famfon na'urar a bayana ya yi shiru, kwano cike taf, koriyar fitilarsa na ci. Na tuna Zariya, na tuna yadda zan sauka daga mota da jaka ɗaya mutanen unguwa suna tambaya har an dawo. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoro irin na ƙaramin mutum.

Na ce mata, da Turanci, ya ce sori. Ya ce ya yi nadama, ba zai sake ba.

"Halas," ta ce, wato magana ta ƙare. Ta ɗauki waya ta kira mijinta a gabanmu. Ba sai an fassara wa kowa ba. Ba za a sabunta iƙama ba, za a buga masa takardar fita ta ba dawowa.

Muka fito ta ƙofar kicin, shi a gaba ni a baya. Rana ta take, masu abinci suna ta wucewa da faranti. Na yi ta jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi, wallahi da ya mare ni ma da na gode. Ya je har gindin zogalensa, ya tsinke wani busasshen ganye, ya mayar da hularsa.

"Injiniya," ya ce, "ni ba na jin Turanci. Amma duk maganar da na yi mai tsawo, taka ta zo gajeriya."

Sai ya ƙara da cewa:

"Kuma sori kam na san shi. Shekara ashirin da shida ina faɗinsa a gidan nan da bakina, ban taɓa neman tafinta ba."

Ranar goma sha ɗaya ga Janairu jirginsa ya tashi. Ban raka shi ba, ina bakin aiki, an tabbatar da ni. An ce kafin ya tafi ya je maƙabarta wurin Haoua ya daɗe a tsaye. Aikin farko da Madam ta ba ni a sabuwar shekara shi ne in tumɓuke zogalen nan uku, kuma na tumɓuke su.