Takardar Jikin Leda

Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a ɗakin bakwaini, kullum daga Gezawa nake hawa mota zuwa birni. Kowa a asibitin ya san ni, Aina'u, da baki da saurin fushi. Da an ce wata rana zan yi ɓarna, da na ce fushin ne zai jawo. Ashe tausayi ne zai kai ni ya baro.

An kawo mana Bara'atu daga wani ƙauye bayan Kunci, haihuwar fari, ɗa namiji ɗan wata bakwai. Hanjinsa ba ya karɓar nono, sai aka sa shi a kwalba ana ba shi abinci ta jijiya. Leda ce ake haɗawa a ɗakin magani kowace safiya, sukari da gishiri iri-iri, daidai da abin da likita ya rubuta a kwamfuta. Da yake ba a raɗa masa suna ba, da sunan "Jaririn Bara'atu" aka buɗe masa fayil. A kwana na biyar fitsarinsa ya ragu, likita ta rubuta a fayil ɗin cewa a cire masa wani gishiri da ƙodarsa ta kasa fitarwa. Aka cire, yaro ya fara samun sauƙi.

Washegarin suna ubansa Muntaka ya zo. Ya bar yankan gero a rabi, ya taho da soyayyen naman suna cike da kwano, ya ce na ma'aikata ne. Ya tsaya ta bayan gilashi yana haɗa baƙaƙen da ke jikin ledar ɗaya bayan ɗaya.

"Malama," ya ce da ni, "yaron nan fa ya samu suna tun jiya. Sunan mahaifina ya ci, Iliyasu. Don Allah a rubuta masa, ko da sau ɗaya ne."

Na zauna gaban kwamfuta, ta ƙi. Wai canza suna sai ofishin ajiye bayanai, sai an cike takarda, sai bayan kwana uku. Raina ya ɓaci. Mutum ya yanka rago, ya taso tun daga Kunci, na'ura ta ce ɗansa ba shi da suna? Na yi tsaki na buɗe sabon fayil: Iliyasu Muntaka. Na kwafi nauyinsa da ranar haihuwa. Gargaɗin likita kuwa yana can a tsohon fayil, ko tunawa ban yi ba. Muntaka ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Da safe wani likita ne ya karɓi aiki. Ya ga fayil fes babu wani gargaɗi, kwamfuta ta ba shi haɗin da ake yi wa kowane bakwaini, ya amince. Ni da hannuna na rataye ledar, ina ta murna da sunan da ke jikinta. Kafin la'asar zuciyar yaron ta tsaya.

An kafa kwamiti, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Ba a kore ni ba. An gyara kwamfutar: yanzu ana canza suna nan take, kuma in ka buɗe fayil na biyu da uwa ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sai ta tsayar da kai. Gyaran ko wuni biyu bai ci ba. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Bayan mako biyu na tafi ƙauyen ta'aziyya. Gona na bin gona har bakin gidaje, dawa ta kusa yanka. A tsakar gida na faɗa musu gaskiya. Muntaka ya ɗago ya dube ni.

"Ni na roƙe ki, Malama," ya ce. "Kwanansa ne ya ƙare. Allah ya yafe mu gaba ɗaya."

Bara'atu tana can gefe. Ɗan fari ne, ga surukarta zaune, ko hawaye ba ta bari an gani ba. Sai da ta rako ni zaure ta riƙe gefen mayafina.

"Anti, takardar nan ta jikin leda, mai sunan… tana nan?" Ba ta iya faɗin sunan ba, na surukinta ne. "Ko hoto ba mu ɗauke shi ba. Nan kaɗai aka taɓa rubuta shi."

Da kwamiti ya gama aikinsa na roƙa aka ba ni takardar. Sunan yana sama, a ƙarƙashinsa kuma jerin abin da aka zuba a ledar, har da gishirin da ya kashe shi. Na sa almakashi na raba ta biyu. Na aika wa Bara'atu sunan. Ɗaya rabin yana cikin jakata, da shi nake zuwa aiki kullum.