Kwanukan Likita na Ƙarshe

Tun tana ƙarama ake kiranta Likita, don babu ’yar tsanar da ta tsira daga allurarta ta tsinken tsintsiya. Da mahaifinta ya kwanta ciwo, albashin uwarta na kamfanin sabulu ya kasa riƙe gida, sai yarinya ta ninke kayan makaranta ta kama wanke-wanke a wani gidan abinci. Sunan ya bi ta can, amma ya koma abin tsokana.

“Likita, ga marasa lafiyarki!” in ji masu kai abinci, su jibge mata kwanuka.

Uwar, wadda unguwa ke kira Mai Sabulu, ta sha jin haka da kunnenta, tana haɗiyewa kamar magani mai ɗaci. Ga shi makaranta ta aiko cewa in yarinya ba ta koma wannan zangon ba, za a ba wata gurbinta.

Shi ya sa da ma’aikata suka fito neman ƙarin mafi ƙarancin albashi, Mai Sabulu ce a gaba. Matar da ko gardamar famfo ba ta iya ba! Ta yi tattaki har silifas ɗinta ya tsinke, ta ƙarasa ba takalmi. Aka ja, aka ja, daga bisani aka ƙara. Ba wani arziki ba ne, kada ma a yi ƙarya, amma ya toshe daidai ramin da hannun Likita ke toshewa.

Ranar da sabon albashi ya shigo, da tsakar rana, Mai Sabulu ta nufi gidan abincin da rigar aikinta, tana ƙamshin sabulu. Ta ƙofar gaba ta shiga.

“Tashi mu tafi,” ta ce wa ’yarta.

Likita ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. “Mama, maganin Baba fa? Kuɗin haya fa?”

“Ke kika haife ni? Na ce na ɗauka.”

Mai gidan abincin ta leƙo tana taɓe baki. “Daga ƙarin albashi sai fankama? To, wa zai wanke mini waɗannan?”

Mai Sabulu ta dubi tulin kwanukan. Zuciya ta ce ta juya kawai, amma ba ta so a ce ’yarta ta gudu ta bar aiki. Ta naɗe hannun riga, ta ja kujera kusa da yarinyar. Uwa na cuɗawa, ’ya na ɗaurayewa, har tukunyar ƙarshe mai ƙanzo. Masu tsokana kowa ya kama gabansa.

A gida, kayan makaranta na shimfiɗe bisa gado, an goge su. Likita ta ɗaga siket ɗin don ta ce ai ya yi mata kaɗan, sai ta ga an warware kalmasa an ƙara tsawo. Layin ɗinki har biyu ne, tsoho da sabo. Ashe duk sanda ta ƙara tsayi, uwar na biye da ita da allura.

“Tun yaushe, Mama?”

“Tun ranar da kika ninke shi.” Mai Sabulu ta share ido da bayan hannu, alfahari ya cika ta fal. “Gwada mu gani, Likita.”