Gonar Surukin Malam Sahabi

A daminar 1998 aka kira Malam Sahabi zuwa Gusau domin ya kare takardar shaidarsa ta koyarwa. Jihar ba ta daɗe da samuwa ba, ofisoshi ba su wadata ba, don haka kwamitin ladabtar da malamai ya ari aji a wata makaranta kusa da Sabon Gari ya zauna. Ko allon ba a goge ba. Wani ya bar darasin lissafi a kai, kuma amsar ba daidai ba ce. Sahabi ya hango kuskuren tun daga bakin ƙofa, har hannunsa ya yi ƙaiƙayin alli.

Abin da ya kawo shi ba ɓoyayye ba ne. Yana koyar da aji biyar a wata firamare da ke wani ƙauye bayan Nahuce, a ƙasar Bungudu. A can, idan ruwa ya zauna, akan ɗebi yaran manyan azuzuwa a kai su noma gonar hedimasta. A jadawali sunan wannan aikin hannu. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsa, har masu duba makarantu, waɗanda sukan koma gida da ɗanyar masara a bayan babur. Wata Laraba hedimasta Malam Idris ya leƙo ajin Sahabi ya ce ciyawa ta fara cin ƙarfin gero. Sahabi ya rufe littafi ya kwashi yara. Kafin azahar kububuwa ta sari wani yaro mai suna Mannir a idon sawu. Aka ɗaure, aka tsaga, aka shafa abin da aka saba shafawa. Sai da jini ya fara fita ta dasashinsa sannan aka tuna da mota. Bai isa asibiti da rai ba.

Da uban yaron manomi ne, da an yi zaman makoki an ce kwana ya ƙare. Amma ubansa Bawa direba ne a tashar Gusau, ya san ƙofar da ake bugawa, kuma ya buga ta.

Wahalar ita ce, Malam Idris shi ne mahaifin Bara'atu, matar Sahabi. Tun ranar da aka ɗaura auren Sahabi bai ƙara kallon fuskarsa ba, bai ƙara kiran sunansa ba, ko a taron malamai Baba yake cewa. Da safen da zai taho, Bara'atu ta tsaya tana riƙe masa hula.

"In sun tambaye ka wa ya aike ka, ka faɗa," ta ce.

"A gabanshi?"

"To a bayanshi za a yi shari'ar? Ubana ne, na fi ka son shi. Amma yaranmu tuwo suke ci, ba kunya ba."

"Ba za a kai nan ba," in ji Sahabi. "Baba da kanshi zai yi magana."

Bara'atu ta miƙa masa hular. Ta riga shi sanin Baba da shekaru masu yawa.

Da ya shiga ajin ya ga surukinsa zaune a benci, an kira shi a matsayin shaidar makaranta, yana jan carbi. Sahabi bai yi shawara da kansa ba. Ƙafafunsa suka tuɓe takalmi, gwiwoyinsa suka kai shi ƙasa, ya tsuguna kusa da bango.

Shugaban kwamitin, Alhaji Mahadi, tsohon mai duba makarantu ne, kuma shi ma ya ci masarar nan a zamaninsa. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Malam, ga kujera."

"Nan ma ya isa, ranka ya daɗe."

"Nan ba zauren surukai ba ne. Amma zauna yadda ka ga dama, gwiwarka ce."

Sai ya yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai buɗe wa akuya ƙofa yana nuna mata hanya. Idan na gaba da shi ne ya ba shi umarni, to gargaɗi ne da canjin wurin aiki, nauyin kuma ya koma kan wanda ya ba da umarnin. Idan kuwa gaban kansa ya yi, za a karɓe takardarsa, a cire sunansa daga cikin malamai, kuma ba zai ƙara riƙe alli a makarantar kowa ba.

"Ka gane?"

"Na gane."

"To wa ya ce ka fitar da yara daga aji?"

Sahabi ya dubi ƙafafun surukinsa, waɗanda su kaɗai ya sani a jikinsa. Yadda aka koya masa tun yana yaro, abin rabi biyu ne: ƙarami ya yi shiru, babba ya buɗe baki ya rufa masa asiri. Shi ya kawo nasa rabin. Ya jira ɗayan. Carbi ya ci gaba da tafiya, ƙwaya na bin ƙwaya, ba gaggawa.

"Malam, da kai nike magana."

"Ni na fitar da su."

"Ban ce wa ya fitar ba. Na ce wa ya ce."

Sahabi ya ƙara sunkuyar da kai.

"Gonar taka ce?"

"Ba tawa ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ranka ya daɗe, ba ni iya faɗi."

Bawa, da ke zaune a bencin baya da makullin mota a hannu, ya miƙe. "Wai mi anka tara mu yi nan? Har jakunan garin sun san gonar wa ce! Ku tambayi mai carbin can!"

"Direba, zauna. Ba kai kake tuƙa wannan motar ba," in ji Alhaji Mahadi. Ya juya ga Malam Idris a hankali, kamar wanda wuyansa ke ciwo. "Hedimasta, kana da abin cewa?"

Yanzu ne, Sahabi ya ce a ransa. Ya ji tsohon ya gyara murya, ya ji carbin ya tsaya.

"Yaro ne mai ladabi," in ji Malam Idris. "Tun da nike da shi ban taɓa ganin ya ɗaga ma kowa murya ba. Ina roƙon kwamiti a yi mashi sassauci."

Carbin ya ci gaba.

Alhaji Mahadi ya cire tabarau ya murza ido. Ya san gonar, ya san mai ita, ya ma san bishiyar da ake ajiye babur a gindinta. Amma kwamiti ba ya hukunci da abin da ya sani, sai da abin da aka faɗa masa, kuma wannan tsari yana ba mutane da yawa damar yin barci. Ya sake tambaya sau ɗaya, don kada a ce bai tambaya ba. Sahabi ya buɗe baki, sunan ya zo har bayan haƙora, ya tsaya nan. Harshen da ya yi shekaru yana kauce masa ya ƙi koyon sabon aiki a yini guda.

Aka karɓi takardar. Ya zo da ita a tsakanin kwali biyu don kada ta lanƙwashe. Magatakarda ya ninke ta ya cusa a jaka.

A waje Bawa ya tare shi. Sahabi ya ɗauka zagi ne, har ya shirya. Amma muryar direban ta mutu.

"Malam, wallahi ba kai nike nema ba. Mannir kullum zancenka yake. Ɗana ya mutu, kai kuma ka yi ladabi. Allah ya ba ka lada."

Sahabi ya kwashe iyalinsa ya koma gidan mahaifinsa a Tsafe. Ya gwada wata makarantar da mutanen unguwa suka kafa, shugabanta ya ba shi ruwa ya sha, ya ce sanarwa ta riga shi zuwa. Daga baya wani ɗan uwansa mai sayar da hatsi ya ba shi aikin ɗinke bakin buhu ranar kasuwa. Har yanzu ana kiransa Malam, kamar yadda ake kiran mai faci da mai yankan farce.

Bayan kaka wata mota ta tsaya ƙofar gida aka sauke buhun gero, saƙo daga Malam Idris. Bara'atu ta kwance bakin ta ɗebo a tafin hannu ta daɗe tana kallo.

"Na gonar ne," ta ce. "Ni ba ni surfa shi."

"Akwai wani a ɗaki?" in ji Sahabi.

Babu. Ta surfa. Yara suka ci suka ƙoshi, abin da suka kwana biyu ba su yi ba.

Kyautar suruki kuwa ba a aika godiyarta da baki. Ranar Juma'a Sahabi ya sa rigar da ya je Gusau da ita, ya shiga mota zuwa Bungudu, ya ƙarasa ƙauyen a ƙafa. Ya wuce ta bayan makaranta don kada yara su gan shi, amma ya ji su ta taga suna maimaita wani abu da ƙarfi. A bakin zaure ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya yi godiya yana kallon ƙafafun da ya sani.

"Ba komai, ba komai," in ji Malam Idris. "Bana gero ya yi kyau. Noman nan da anka yi da wuri shi ya taimaka."

"Haka ne, Baba," in ji Sahabi.