Ƙullin da Ba A Kwance Ba

"Ba zan kwance shi ba, Ustaz."

Rakan, daraktan wasanmu, ya sauke takardunsa ya dube ni daga ƙasan matakalar duwatsu. Rana ta fara sanyi, saura kwana biyu a buɗe wasan a tsohon dandalin nan na bayan gari, wanda ba rufi sai sama, kujerunsa duwatsu ne da mazaunan mutane suka goge tun kafin a haifi kakanninmu.

"Ya Mujahida, minti ɗaya ne. Ki kwance, ki yafa, fitila ta mutu. Halas, shi ke nan."

Wata huɗu ina koyon wannan matsayi: mace mai tafiya Hajji a ƙafa daga Kano, ta Chadi da Sudan. Ni na kawo labarin, ni na rubuta rabinsa, domin tafiyar kakata ce, Hajiya Fatsuma. Shekara shida ta yi a hanya da likkafaninta a ƙulle cikin kayanta, don in mutuwa ta riske ta kada ta ɗora wa baƙi nauyi. Da ta iso nan ƙasa mai tsarki ta wanke shi da Zamzam ta sake ƙullewa. Tana nan da ranta a unguwar Hindawiyya. Da na roƙi aron ƙullin sai ta ce, "Ɗauki ki nuna musu. Amma wadda za ta yi min wanka ce za ta kwance shi."

Na faɗa wa Rakan haka tun farko, ya ce to. Sai ga shi ya sa a sanarwa cewa za a ga likkafani na gaske, mai shekara sittin.

"Zan sayo yadi irinsa a kasuwar Zahir," na ce. "In jiƙa shi da shayi, ba wanda zai gane."

"Na riga na faɗa wa mutane. Kina so a ce ni maƙaryaci ne?"

"Gara a ce da kai haka da a ce da ni."

Haifa, wadda ke koyon matsayina don ko-ta-kwana, ta yi dariya daga bayan labule. "Yalla, haba ya Muja, tsumma ne fa. Kakarki ma ba za ta zo ba, wa zai kai mata labari?"

"Ni zan kai."

Rakan ya hau matakala biyu, ya sassauta murya. "Ya binti, 'yata, kin fi kowa a nan. Daga tsakiyar dandalin nan muryarki na kaiwa layin ƙarshe ba lasifika. Kada ki zubar da wannan saboda igiya."

Na ɗauki ƙullin na ɗora a kai kamar yadda nake yi a wasan, na bi ta tsakanin kujerun na fita.

Ranar buɗewa Haifa ce ta fito, da sabon yadi da aka jiƙa da shayi. An ce mutane sun yi kuka. An cire sunana daga 'yan wasa, an kuma cire shi daga marubuta. Ƙungiyoyi biyu da na tuntuɓa bayan nan duk sun ji cewa ina da taurin kai. Shekara guda ke nan ban taka dandali ba, ina koyar da nahawu a makarantar 'yan mata, labarin kakata kuma yana yawo gari-gari a bakin wata.